Yarinyar Tana Cikin Kwalekwale Har Yanzu

Zuwa ga Auta,

"Fim ɗaya tak, Yaya, kuma Mama ce za ta fara ganin ƙarshensa." Haka ka faɗa a falo, hannunka a kan keken rubutun marigayi Baba, ranar da ka zo neman izinin mai da littafinsa fim. Na fara da maganarka ne don kada gaisuwa ta sa ka saki jiki. To yanzu, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, yara sun koma makaranta, ƙafar maigidan ma ta yi sauƙi. Mama ce dai, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Ka san littafin nan siriri ne, aljihun riga yake shiga. 'Yar mai fito ce ta haye kogi don ta karɓo inuwoyin mutanen garinsu daga hannun aljanun ruwa, ta dawo. Shi ke nan. A shafi guda Baba ya haye da ita. Kai kuwa ka yi fim biyu, yarinyar tana cikin kwalekwale har yanzu! Ka ƙago mata saurayi mai takobi, ka ƙago yaƙin da ba wanda ya san dalilinsa, ka kawo wani dodo da ya shafe rabin fim yana ba da tarihin kakanninsa. Ganyen shayi ɗaya kake ta ƙara wa ruwa, kana cewa mu sha. Na karanta littattafai masu kaurin bulo ban ƙosa ba, don haka ba tsawo nake ƙi ba. Tsawon da ba komai a cikinsa nake ƙi. Sai ga shi na ji ka a rediyo kana cewa sai a kashi na huɗu za ta dawo gida, wai baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Mama ba ta da baɗi a idonta, Auta. Likitan ido ya ce ganinta yana ta tsukewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu kamar mai leƙe ta kafar makulli take kallo. Na ja mata kujera har gaban talabijin muka kalli na biyun. Ta yi gyangyaɗi, ta farka, ta tambaye ni ko yarinyar ta isa. Na ce tukuna. Ta ce to ko kogin ne aka faɗaɗa bayan rasuwar Baba. Na yi dariya, sannan na shiga kicin na yi kuka. Ka manta abin da take jira? Babin ƙarshe, inda yarinyar ta dawo da inuwoyi a ninke a ka kamar wanki, uwarta tana tsaye bakin ƙofa da fitila. Mama ce wannan uwar. Haka take jiran Baba, shi ya sa ya rubuta ta.

Ga magana. Na ba ka zuwa ƙarshen watan gobe ka aiko da babin nan a hoto mai motsi, ko ba kiɗa, ko ba ado. Rana ba ta ƙarya. In ta wuce ban gani ba, ɗalibaina za su yi wasansa a ɗakin taron makarantarmu. Na riga na raba musu matsayi, tela ya auna su, zannuwan gadona shuɗɗa su ne kogi. Zan ɗauka da waya in saki ga duniya kyauta, masu jiran kashi na huɗu su huta. Mama a layin gaba, kai kuma in ka zo akwai benci a baya.

Ka gaida matarka da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Mama tana sa maka albarka, ba ta san na rubuto ba. Ko kai ko ni, ɗaya zai sauke yarinyar nan a gaɓa tun Mama tana iya ganin fitilar.

Yayarka, wadda ta goye ka, ta kuma sauke ka ba tare da jiran kashi na huɗu ba.