Ajin Da Aka Hana Akwati

Asabar, mako na biyu da komawa makaranta

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin asibiti? Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Ki ce masa Autarsa na gaishe shi, kuma ya daina tsugunawa gyaran rediyon maƙwabta tunda likita ya hana.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba kya bari in kai aya. Raina a ɓace yake, Yaya, idan ban amayar miki ba zai kwantar da ni.

Kin san ajina, aji uku B, yara hamsin da biyu da nake riƙe da su tun suna aji ɗaya, waɗanda za su zauna jarrabawar fita a ƙarshen shekarar nan. To ranar Litinin wata Dakta ta zo daga jami'a da akwati a bayan mota. Bincike take yi a kan yadda za a gyara koyar da kimiyya. Da ta buɗe akwatin sai ga ma'aunin zafi, sikeli, batura da waya da ƙananan ƙwan fitila, har da madubin ganin ƙananan halittu. Shekara tara ina rubuta takardar roƙon irin kayan nan ko amsa ba a ba ni. Na tsaya ina shafa su, kunya ce kawai ta hana ni kuka.

Sai ta tara mu a ofis ta ce aji ɗaya kaɗai za a ba. Ɗayan zai ci gaba da alli da allo har ƙarshen zango, sannan a gwada su duka a ga ko akwai bambanci. Makarantu uku take yi wa haka, tamu ce babba. Idan bambanci ya fito, ma'aikatar ilimi za ta saya wa makarantu arba'in irin akwatin. Ta naɗe takardu biyu ta jefa a kofi, Shugaban makaranta ya sa hannu ya zaro A, ajin Malam Dogo. Dogo fa, Yaya! Mutumin da ya taɓa tambayata ta wane gefe ake karanta ma'aunin zafi.

Ni kuma aka miƙo mini takarda in sa hannu cewa ba zan canja komai a koyarwata ba, kuma yarana ba za su taɓa kayan ba. Na sa, don Shugaba na tsaye a kaina. Da Dakta ta fita ya sha mur ya ce ya san halina, idan na kuskura na ɓata wa makaranta suna a wannan bincike zai karɓe ajin ya mayar da ni siton littattafai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bangon da ke tsakanin ajina da na Dogo bai kai rufi ba. Ranar Alhamis ina zana batir da waya a allo, yara na kwafa, sai muka ji aji A ya kaure da ihu, ƙwan fitilarsu ya kama. Yarana hamsin da biyu suka ɗaga kai suna kallon saman bango. Na ce su ci gaba da rubutu.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Lahadi, mako na biyar

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na ga wasiƙarki, na ji daɗi ƙafar Baba ta yi sauƙi. Yaya ƙaramin naki da tarin nan?

Na karanta wa'azinki tas. Kin ce ku ma a asibiti haka ake gwada sabon magani, a ba wasu a hana wasu, in ba haka ba babu yadda za a san yana aiki. Na yarda. Amma ke ba kya tsayawa kullum gaban waɗanda aka hana suna kallon idonki har wata uku, kuma jarrabawa ba ta jiran bincike.

Akwai wata yarinya a ajina da muke kira Me-ya-sa, don ba ta iya haɗiye tambaya. Ita ta ɗaga hannu ta tambaye ni laifin me suka yi aka hana su akwati. Na ce ƙuri'a ce. Ta ce to me ya sa ba za a sake jefawa kowane mako ba.

Sannan ga 'yan biyun wani mai walda, ɗaya a A, ɗaya a B. Dakta da duk karatunta ba ta lissafa cewa ɗaki ɗaya suke kwana ba. Duk abin da na A ya gani sai ya kwashe ya faɗa wa ɗan'uwansa a gida. Ranar Talata na ga 'yan baya sun haɗa kai ƙarƙashin tebur, na je zan yi faɗa, sai na tarar nawa ɗan biyun ya haɗa tsohon batir da guntun waya ya kunna ƙwan tocila. Bisa takardar da na sa wa hannu, ƙwacewa ya kamata in yi. Na ce ya fito gaban aji ya nuna wa kowa.

Daga nan na zarce, ba zan ɓoye miki ba. Idan aka kaɗa ƙararrawar tashi sai mu tsaya da sunan shara. Mun yi sikeli da robar ɗaure kuɗi da murfin gwangwani. Mun yanka gorar ruwa mun zana mata ma'auni. Ɗigon ruwa ɗaya a kan gilashi ya nuna musu gashin ƙafar tururuwa. Kowa na da littafinsa, doka ɗaya na kafa musu: mutum ya rubuta abin da idonsa ya gani, ko ya yi daidai da littafin karatu ko bai yi ba. Ina gaya wa kaina takarda lokacin darasi take nufi, bayan ƙararrawa lokacina ne. Na san dabara ce nake yi wa kaina, amma ban fasa ba.

Don Allah ki aiko mini da sirinji goma sababbi marasa allura. Ki kuma ce wa Baba ya fasa matattun lasifikan da ke ƙarƙashin gadonsa ya ciro mini maganaɗisun ciki. Kada ki ce masa don me, zai gane da kansa ya yi ta dariya.

Taki,
Auta

Juma'a, bayan hutu

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, saƙonki ya iso tun tuni, na gode, Allah ya bar zumunci.

An yi gwajin kafin hutu. Ba irin jarrabawar da muka sani ba ce. Tebura shida Dakta ta jera a babban ɗaki, yaro ya auna, ya faɗi abin da yake zaton zai faru, ya gwada, ya rubuta, ita da mutanenta suna zaune suna ba da maki. Ina leƙe ta taga ina ganin yarana suna sunkuyawa su daidaita ido da bakin ruwa kamar tsofaffin hannu. Kaina ya yi girma, har na taka gida da ƙafa don daɗi.

Shekaranjiya ta dawo da sakamako. Babu bambanci tsakanin A da B, B ma ta ɗan ɗara. Na buɗe baki zan yi murmushi sai na ga fuskarta. Ta rame, Yaya. Ta ce shekara biyu ta yi tana wannan aiki. A sauran makarantu biyun ajin akwati ya yi gaba, amma tamu ce mai yawan yara, sakamakonmu ya ja nasu ƙasa. Dole ta rubuta abin da lissafi ya nuna, cewa akwati bai ƙara komai ba, makarantu arba'in ɗin nan kuma su haƙura.

Wani jami'i da ya rako ta daga ma'aikata ya miƙe ƙafa a kujera ya ce ai dama ya faɗa, malamai raki ne da su, ga shi alli kaɗai ya wadatar. Da yarana yake kafa hujja! Yaran da suka yi wata biyu suna yanka yatsu da gwangwani don an hana su kaya, su ne yau shaidar cewa kaya ba su da amfani. Na danne hannuna a cinya don kada in jefe shi da dastar goge allo.

Bayan sun tafi Shugaba ya kira ni ya rufe ƙofa. Ashe ya sani, mai gadi ya daɗe da gaya masa irin sharar da muke yi. Ya ce in ja bakina in yi shiru. Yanzu sunan makaranta ya fito, ana cewa koyarwarmu ta fi akwati, aji kuma nawa ne har jarrabawa. Idan kuwa na buɗe baki, to in tuna abin da ya gaya mini ranar farko. Yana faɗa yana gyara hula, ko a jikinsa.

Saura mako takwas su zauna jarrabawa. Na san wanda lissafi ke ba wa wahala, na san wadda ke rikicewa idan aka tsaya a kanta. Idan na yi shiru ina tare da su. Idan na yi magana na rasa su. Kada ki rubuto mini cewa kin faɗa, na sani kin faɗa. Addu'a nake so.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba

Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara. Daga siton littattafai nake rubuto miki, kin ga ke nan kin san yadda ta ƙare.

Ranar Litinin na zuba komai a kwali, sirinji da gorori da maganaɗisun Baba da littattafan yara hamsin da biyu, kowane shafi da kwanan watansa, na kai wa Dakta har ofishinta. Na gaya mata abin da na yi tun daga ƙwan tocila. Ta wanke ni tas. Ta ce na sa hannu na ci amana, da na zo mata tun farko da ƙorafina da an san yadda za a yi, saura ƙiris in sa ta rubuta ƙarya da sunanta. Duk gaskiya ne, na tsaya na sha. Amma ni ma ban fito da nawa a ciki ba. Na ce mata duk wanda ya tsara a hana yara 'yan jarrabawa kaya wata uku, da bangon da bai kai rufi ba a tsakani, bai taɓa riƙe alli ba.

Sai ta jawo littafin Me-ya-sa ta fara buɗawa, ta yi kusan awa tana bin littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce za ta cire makarantarmu daga lissafi ta rubuta dalili ƙarara. Da makarantu biyu hujjarta ta yi rauni, ba ta san ko ma'aikata za ta karɓa ba, amma dai ba wanda zai ƙara kafa hujja da yarana ya ce alli ya wadatar. Ta roƙi in bar mata sikelin roba.

Shugaba bai ɓata lokaci ba. Jiya da safe takarda ta same ni, an haɗe B da A an ba Dogo. Ni kuma ga ni tsakanin kwalayen littattafan da asu ya cinye. Wanda ya ce a rufe ƙarya yana ofis yana shan fanka, wadda ta tona tana lissafa tsofaffin littattafai. Har yanzu zuciyata tafasa take, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

In faɗi gaskiyar Dogo, na zalunce shi a wasiƙar farko. Ya zo sito da kansa da takarda da biro ya ce in gaya masa raunin kowane yaro, ya zauna a kan kwali yana rubutawa har sunaye hamsin da biyu suka ƙare. Me-ya-sa ma ta zo taga da tambayarta. Na ce mata na yi alkawari na karya, sannan na je na faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Ta ce kamar dokar littafinmu ke nan. Na ce ta wuce aji kafin in yi mata kuka a gaba.

Tunda bincike ya ƙare, an buɗe wa kowa akwati. Ɗazu da hantsi ina kaɗe ƙurar kantar littattafai sai na ji ihu ya tashi daga can ƙarshen baranda. Na san muryoyin, Yaya, ko cikin dubu zan ware su. Yarana ne suka sa ido a madubin gaske karo na farko. Shekara tara ina jiran wannan ihun, ya zo na ji shi ta bayan bango, da tsumma a hannuna. Na zauna a kan kwali har suka yi shiru.

Ki ce wa Baba maganaɗisunsa sun yi aiki. Sauran labarin ki bari sai na zo in gaya masa da bakina.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta