Na Gyara Ƙofar Motar Haya, An Ce Ni Na Buge Ta

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a, domin akwai takardar da ake jira in sa wa hannu, kuma hannun nawa ya ƙi.

Ni mai bugun jikin mota ne, fanel bita. Ban yi nisa a makaranta ba, a gareji na girma, don haka ki yi haƙuri da rubutun nawa. A wurin aiki tsokanata ake yi wai ban iya fushi ba. Sai a kawo mini ƙofa a murƙushe in zauna ina bin ta da guduma har yamma ban ce uffan ba. To, yau dai na yi fushi, ko abinci ba ya mini daɗi.

Mijin yayata ma'aikacin ofis ne, mutumin kirki, bai taɓa wulaƙanta ni ba. Ya samu hutu, ya ce zai kai iyalinsa da Mama, mahaifiyarmu, bakin teku su sha iska na 'yan kwanaki. Yana fama da ciwon baya, doguwar tafiya a sitiyari na wahalar da shi, sai ya ce in zo in riƙa tuƙa su. Muka tafi a jirgin ƙasa, da muka sauka muka nufi ofishin wani kamfanin hayar mota da ya riga ya gani a waya.

Tun daga bakin kantar ofishin na fara ganin ikon Allah. Farashin da ya gani a waya daban, wanda suka fito da shi daban. Ni da aka ɗauko don in tuƙa, wai sunana direba na biyu, ina da kuɗina. Kujerar da za a ɗaure ƙaramin ɗansu a ciki tana da nata, kuma kullum ake lissafa mata, sai ka ce abinci take ci. Man da ke tanki dole mu saya a hannunsu a farashin da suka ga dama, in mun dawo da saura kuwa sun ci bulus. Sai wani mai nakatayi ya zaunar da mijin Yaya yana ta ba shi labarin haɗurra, har ya tsorata ya sayi babbar inshora, wadda aka ce in muna da ita ko me ya samu motar babu ruwanmu. Bayan duk wannan suka riƙe kuɗin ajiya masu kauri a katinsa na banki. Yaro na ta tsala kuka, Mama ta gaji ta zauna a kan jaka, shi kuwa duk inda aka ɗora masa yatsa sai ya sa hannu.

Ni na fita wajen motar. Mu ba ma kallon mota ta gaba, ta gefe muke tsayawa mu bi haske. Nan take na ga ƙofar baya ta dama ta loɓa daga ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, da ƙujewa a tsakiya, kuma tsatsa ta riga ta zauna a ciki. Ba sabuwar tsatsa mai ja-ja ba, wadda ta yi duhu, ta sha ruwan sama ba sau ɗaya ba. Na kira mutumin da ya kawo makulli na nuna masa. Daga nesa ya kalla, ya kaɗa hannu, ya ce sun san da shi, yana cikin kwamfutarsu. Na yarda, don ban ga dalilin da babban mutum zai yi mini ƙarya a kan ƙofa ba. Har 'yar yayata, wadda ba ta shiga firamare ba, ta zo ta zura yatsa a wurin ta ce motar tana da cibiya. Na yi dariya. Uwarta na can tana fama da goyo, ubanta na ciki.

Washegari aka aike ni kasuwa ni kaɗai da motar, in sayo ruwan sha da kayan yara. Ki riƙe wannan, Anti, don zai dawo.

A rana ta uku kowa ya baje yana hutawa, ni kuwa ban iya hutu ba. Duk sanda na buɗe wa Mama ƙofa sai idona ya faɗa wurin nan, kamar yana hararata. Na daure, na daure, na kasa. Na je wani shago na sayo sanfefa mai laushi ta kankare tsatsa da ɗan fenti irin kalar motar da man gogewa. Na roƙi ruwan zafi a masauki, na cire murfin ƙofar ta ciki a hankali, na turo loɓawar ta dawo, na kankare tsatsar, na shafe, na goge. Wallahi babu abin da ke raina sai in mayar wa mutane kayansu fiye da yadda suka ba mu. Haka aka koya mini. Ko kwanon maƙwabta Mama ba ta mayarwa sai ta wanke ta sa wani abu a ciki.

Ranar mayarwa ba mai makullin muka tarar ba, wata mata ce da babbar waya a hannu. Ta zagaya motar, ta shafa ƙofar, ta ce wurin nan ya fi sauran ƙyalli. Ni da bakina, har da murmushi, na ce ai ni na gyara musu. Na ɗauka godiya za ta yi. Sai ta kira manaja. Suka duba kwamfuta suka ce babu wata loɓawa a rubuce. Aka nemo mai makullin, ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce bai tuna ba. Manajan ya ce ba wanda ke gyara abin da ba shi ya ɓata ba, kuma tunda an taɓa motar ba da izininsu ba, babbar inshorar nan ta faɗi. Suka cinye ajiyar kaf. Wai za a sake wa ƙofar fenti gaba ɗaya, da kuɗin kwanakin da motar za ta zauna a gareji, da kuɗin rubuta takardun, har da kuɗin share yashin da ya shiga da takalman yara. Mota ce ta bakin teku fa, Anti! Me suke so ya shiga cikinta?

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, muna nan tsaye bakin titi muna jiran tasi, da idona na ga an wanke motar nan an miƙa makullinta ga wasu mutane da akwatunansu. Lambarta ce, kuma na gane aikina a ƙofar. Motar da aka caje mu kuɗin zamanta a gareji ko awa ba ta zauna ba. Na nuna wa mijin Yaya, kafin ya ɗago daga wayarsa ta sha kwana.

Sai a jirgi na gane abin da na yi wa kaina. Tsatsar nan ita ce kaɗai za ta faɗi cewa ciwon tsoho ne, ni kuma na kankare ta da hannuna.

Mijin Yaya bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. A hankali ya ce shi ba kuɗin ne damuwarsa ba, damuwarsa a ce mutumin da ya damƙa wa 'ya'yansa ya bugi abu ranar da ya je kasuwa, ya ɓoye, ya shafe da fenti. Ya ce ya yafe mini. Anti, ban taɓa jin abu mai ciwo kamar a yafe mini laifin da ban yi ba. Yaya ta ce ta tuna maganar cibiya amma ba za ta iya rantsewa wace rana ce ba, kuma tana roƙona in bar zancen don gidanta ya zauna lafiya. Motarsa da kullum ni nake duba masa, satin nan wani garejin ya kai ta.

Yanzu kamfanin ya aiko cewa za su mayar da rabin kuɗin in direba ya sa hannu cewa shi ya bugi ƙofar. Sun ba da wa'adin Juma'a. Mijin Yaya ya turo mini takardar, ya ce in sa a wuce wurin. In na sa, ya samu rabin kuɗinsa, ni kuma na zama maƙaryaci a rubuce. In na ƙi, na ja masa asara kuma na ƙara wa Yaya ciwon kai. Ya zan yi?

Naki,
Mai Guduma

AMSA

Wa alaikumus salam, Mai Guduma. Kada ka sa hannu a takardar nan yadda take. Wannan na fara faɗa maka don ka samu ka ci abinci.

Na ji haushin abin da aka yi muku. Kamfanin da zai tallata farashi ɗaya ya karɓi wani, ya caji kuɗin zaman gareji ya kuma ba da motar haya a ranar, ba mutunci a lamarinsa. Amma zan faɗa maka naka, ɗana. Ƙofar ba taka ba ce. Da a garejinku wani ya zo ya cire murfin motar da aka ba ka amana ya shafa mata fenti, ko da aikinsa ya yi kyau, sai ka tambaye shi wa ya sa shi. Kwanon maƙwabta daban, motar haya daban: ita yadda aka ba ka ake so ka mayar, har da ciwonta. Kuma ka tsaya a wurin mijin yayarka ka duba. Bai ga loɓawar ba, ba ka gaya masa ba ranar farko, ba ka shawarce shi ba ranar gyara, alhali sunansa ne a takarda, katinsa ne a hannunsu. Abin da ya gani kawai shi ne sabon fenti. Zarginsa ya yi maka ciwo, amma ba daga sama ya faɗo ba.

To, ga abin yi. Yau ɗin nan ka karɓi wayar yayarka da ta mijinta, ku bi hotunan ranar farko ɗaya bayan ɗaya. Ba a tafiya hutu da yara ba a ɗauke su a jikin mota ba, kuma waya na ajiye ranar da aka ɗauki kowane hoto. Idonka zai ga abin da nasu bai gani ba. Yarinyar kuwa ka bar ta da cibiyarta, kada a tsayar da ita shaida tsakanin ubanta da kawunta.

Sannan mijin yayarka, tunda shi ya ɗauki hayar, ya rubuta wa kamfanin ya nemi abu uku: bayanin binciken da aka yi wa motar kafin a ba ku ita, rasit ɗin garejin da ya yi fentin, da shaidar kwanakin da ta zauna ba aiki. Ya faɗa musu an ga motar ta fita da wasu a ranar. Ya je bankinsa ya tambaya ko akwai hanyar ƙalubalantar kuɗin da aka cira, ya kuma nemi hukumar da ke sauraren koken masu sayen kaya a inda kuke. Wa'adin Juma'a nasu ne, don su hanzarta ku suka sa shi. In sulhu ake so, ka ce za ka sa hannu a kan abin da ka yi: ka gyara tsohuwar loɓawa ba da izini ba. Wannan gaskiya ce, kuma tana iya jawo muku wani caji. In ta jawo, ka ɗauki nauyinsa gwargwadon ƙarfinka. Ba na yi maka alkawarin duk kuɗin za su dawo.

Ku kuma masu shirin ɗaukar mota a hutu, ku koya a nan. Tun kuna gida ku sa a rubuto muku jimillar abin da za ku biya, da direba na biyu da kujerar yaro da mai da iyakar nisan tafiya da ajiya. Ku tambayi abin da ke rushe inshorar kafin ku saya. Ku zagaya motar da waya kuna ɗauka kafin ku tayar, kowane tabo a rubuta shi a takarda a sa hannu, kada ku yarda da “mun san da shi”. Haka ma ranar mayarwa. In abu ya faru a hanya, ku kira su kafin ku taɓa.

Saura babbar maganar, wadda ta fi kuɗin. Kada ka bi ta waya, kada ka bi ta bakin yayarka. Ka je ka same shi a gida, ka zauna. Ka ce masa ka yi kuskure biyu, ka ga tabo ka yi shiru, kuma ka taɓa motar da ke wuyansa ba ka tambaye shi ba, ya yafe maka waɗannan. Na ukun kuma, cikin ladabi, ka mayar masa da yafiyarsa, ka ce ba ka bugi komai ba, don haka ba ka da inda za ka ajiye ta. Ka faɗa sau ɗaya, kada ka yi ta rantse-rantse. Mutumin da ya san ka shekara da shekaru zai auna, ko hoto ya fito ko bai fito ba. In bai sauko a ranar ba, ka ba shi lokaci, kai da ka saba bin ƙofa a hankali har ta miƙe.

Allah ya wanke ka, ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a hannun nan naka. Amma hutu na gaba, don Allah ka zauna ka kalli teku.

Antinku