Mahaifiyata Tana Ganin Marigayi Babanmu a Fuskar Mai Soya Kifi

Zuwa ga Pa Lamduan,

Ina roƙonki ki taimaka mini, kaina ya kulle. Ni malamar firamare ce a garin Uthai Thani, ina zaune da mahaifiyata wadda tsufa ya taɓa wa tunani. Yau ta kira ni da sunan ƙanwarta, gobe ta tambaye ni 'yar wane gida ce ni. Abinci kuwa sai an yi ta lallashi, ta ci loma biyu ta ture kwano.

Bara, wata Asabar da yamma, na rasa yadda zan yi da ita, sai na kai ta wani gidan abinci da ke kan ruwa a kogin Sakae Krang. Ɗan gida ne na katako, yana lilo a hankali duk sanda kwalekwale ya wuce. Iyali ɗaya ke riƙe da shi: tsohuwar gidan, Pa Chaluai, wato Inna Chaluai, tana bakin ƙofa tana tsinke ganye, ɗanta Thawat yana gaban murhu, matarsa tana kai kwanuka. Ranar Thawat ne ya kawo mana soyayyen kifi da kansa. Mae, wato mahaifiyata, ta ɗaga kai, ta gyara gashinta, ta ce, "Phi Prayun, ka daɗe." Phi na nufin yaya, haka take kiran mijinta; Prayun babana ne, masunci, ya rasu tun ina budurwa. Thawat ya dube ni, sannan ya rusuna ya ce, "Ruwa ne ya tsare ni. Ci tun da zafi." Ta cinye tas, har da miyar tsami.

Tun daga nan ba mu fasa zuwa ba. Tun hantsi take shafa hoda, ta tsinko farin fure ta soke a gashi. Can kuwa sai rana ta yi ja a kan ruwa, ƙamshin kwakwa da lemon tsami ya cika wurin, ita kuma ta yi ta ba Thawat labarin yadda ya tuƙa ta zuwa biki a kwalekwalen aro, labarin da ban taɓa ji ba. Pa Chaluai kan ce, "Surukata ta iso, a kawo matashin jingina!" Matar Thawat kuma ta ce, "Na ba ki aronsa, Kaka, amma a dawo mini da shi kafin wankin tukwane." Ni ma nakan shagala, in ji kamar ina zaune tsakanin iyayena biyu, ba na son ko motsi.

To, yayana Kamon ya zo daga Bangkok ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce mun mai da uwarmu abin kallo, ƙarya kuma ƙarya ce ko da an yi ta da murmushi. Ga kuma wata sabuwa: Thawat zai shiga gidan ibada ya yi zaman zuhudu tsawon damina don nema wa mahaifiyarsa lada. Za a aske masa kai da gira, ya sa rawayar tufa, mace ba ta taɓa shi. Kamon ya ce lokaci ya yi da za a gaya mata gaskiya. Amma ranar da aka taɓa gaya mata Baba ya mutu, kuka ta yi irin na ranar farko, ta kwana biyu ba ta ci komai ba. Me zan ce mata idan ta duba gaban murhu ba ta gan shi ba?

Daga 'Yar Bakin Kogi

*

'Yar Bakin Kogi,

Kada ki sake sanar da ita mutuwar. Ba za ta riƙe labarin ba, zafin kawai za ta sha, kuma duk sanda aka maimaita sabo ne a wurinta. Ba ku kuka ƙirƙiro mata wannan miji ba. Ita ta same shi da kanta, mutanen kirki kuma suka ƙi kunyata ta.

Amma kada ki yi watsi da maganar yayanki. Yana da gaskiya cewa mutuncinta abin tsarewa ne, don haka a zaunar da ita a gefe, kada baƙi su mai da ita abin ɗaukar hoto. Ki kuma duba abin da ke ƙarƙashin fushinsa: ya yi tafiya mai nisa, ina jin uwarsa ba ta gane shi ba, ta gane bare. Wannan yana da ciwo. Ki roƙe shi ya riƙa zuwa, ya zauna kusa da ita ya cire mata ƙayar kifi. Wanda ya ciyar da ita da hannunsa zai fahimci abin da baki bai iya fahimtar da shi ba.

Batun damina kuwa, ba kya bukatar sabuwar ƙarya. Ku ci gaba da zuwa, domin ɗanɗanon miyar da kaɗawar ruwan ma suna cikin abin da ke dawo da ita. Idan ta tambaya, ki ce ya shiga gidan ibada. Gaskiya ce, kuma macen zamaninta alfahari take yi da hakan. In Thawat ya yarda, ki kai ta da safe ta ba shi sadakar shinkafa kamar yadda kowa ke yi, kina kusa da hannunta don kada ta taɓa shi. Ki kuma keɓe da Pa Chaluai ki tambaye ta ko abin ya fara yi musu nauyi, ki karɓi amsarta ko wace iri ce. Ki sanar da likitanta canjin da ke tafe.

Saura ke. Wata rana za ta dubi Thawat ta ga mai dafa abinci kawai, kuma ina jin ke abin zai fi girgiza. Ranar kada ki ce an yi asara. Ki zuba mata abinci, ki gaya mata sunanki, ko da za ta manta kafin ku isa gida.

Ina yi wa Mae fatan cin abinci da daɗi, ke kuma ina miki fatan ƙarfin zuciya.

Pa Lamduan