Baƙar Robar da Ke Zaure

Saudatu,

Na tarar kin tafi gidan suna, kuma ba zan iya jira ba, shi ya sa na bar miki wannan takarda. Gara ma haka, takarda ba ta dariya.

Kin tuna tayoyin nan biyu da na sa wa a-kori-kurata, tsofaffin da aka liƙa wa sabon baya? Kin ce in sayi sababbi, na ce shekara ashirin ina tuƙi, da na shuri taya da ƙafa na san lafiyarta. To, na shure su, na yaba.

Ɗazu da hantsi na ɗauko doyar Shekwolo daga Wushishi, sai bayan tayar hagu ya saɓule kamar ɓawon ayaba. Lafiyata ƙalau. Motar tana bakin hanya, Shekwolo na zaune kan doyarsa, ko kallona ba ya yi. Na tafi neman sababbi.

Baƙar robar da na ajiye a zaure, bayan tayar nan ce, kada ki yar. Ki kai wa Sanda baduku ya yanko mini takalmi. Ƙafar da ta zaɓi tayar, ita za ta sa ta.

Maiwada