Ke Ruwa Ya Ishe Ki, Mu Binne Ya Ƙone

Zuwa ga ƙanwata Talatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya maigidanki da yara, ya zaman kurmi? Inna lafiya lau, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta.

Hoton da kika turo wayar Yaya Sani mun gani. Ayaba har bakin tagarki, ga rafi a bayan gida, ko'ina kore shar. Wai kuma ƙorafi kike ruwa ya ishe ku, shanya ba ta bushewa! Talatu, ki ji tsoron Allah. Ranar ko tuwo kasa ci na yi.

Mu nan binne muka yi, muka zuba gero a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Aka yi yayyafi sau ɗaya, ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke, duk ya ƙone. Irin da ya rage a rumbu shi ne na ƙarshe. Kullum idona na gabas ko zan ga hadari.

Abin da ya fi ci mini rai, da Inna ta ji dajinku babu bishiyar kuka, babu ɗorawa, sai ta ce, "Wayyo 'yata, da me take miya?" Ta sa na daka kukar da na shanya, ta haɗa da daddawar da na adana don damina, wai duk a kai miki. Ni da nake shan ranar nan tare da ita, ba ta taɓa tambayata da me nake miya ba.

Saƙon na nan tafe ta motar Minjibir. Ki gaida yara, ki taya mu roƙon ruwa. In kin kaɗa miyar, ki tuna daga bakin wa aka cire ta.

Yayarki,
Ladi