Katin da Na Tsinta a Fayil ɗin Maigida

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Maigidana yana da shiri a rediyo duk Alhamis. Shekara tara ni nake buga masa rubutun a kwamfuta, don rubutun hannunsa ko shi wani lokacin gagararsa yake. Da yatsuna na buga cewa gwamnati ba uwar kowa ba ce, kowa ya ɗauki nauyin gidansa. Da yatsuna na buga cewa zubar da ciki kisan kai ne. Kuma wallahi na yarda, har gobe. A kan maganarsa na yi wata uku ba ma gaisawa da ƙanwata. Bara da za a faɗaɗa cibiyar yara masu naƙasa, mako biyu yana caccakar abin, wai aikin iyaye ne.

Yanzu ina da ciki wata huɗu, cikina na biyar ke nan. Likita ta yi hoto, ta ce akwai alamar matsala a ƙashin bayan yaron, wataƙila ba zai yi tafiya ba. Tare muka je, da kunnensa ya ji. Shekaranjiya ya miƙo min fayil kamar kullum. Ina buɗewa sai ga katin wani asibitin kuɗi, da sunana, Alhamis ƙarfe goma. Da na tambaye shi ko kallona bai yi ba, wai a cire cikin, ba za mu iya ba, wa zai taimake mu, kuma kada kowa ya ji. Anti, rubutun da ke ƙarƙashin katin, na wannan makon, a kan darajar rai ne. Jira yake in buga.

An ci amanata. Ni ma ina tsoro, amma yaron ya fara motsi, kuma ina son sa. Ya zan yi?

Mai buga rubutu

'Yar'uwa, kina da gaskiya da kika ji zafi. Maganar da ta fi kowace nauyi a gidanku, ya cusa ta a fayil don ba zai iya haɗa ido da ke ba. Wannan ragwanta ce. Amma ban ɗauke shi mugu ba. Tsoro ne ya kama shi, yau ya ga nauyin da yake ɗora wa mutane ta rediyo a ƙofar ɗakinsa.

Kin ce kina son yaron, to ba mai kai ki asibitin nan ba da yardarki ba. Ki ga wani likitan ya sake dubawa, ya yi muku bayani ku biyun. Ki je cibiyar nan da ya soka, ki ga iyaye irinku, ki tambayi taimakon da ake samu. Karɓarsa ba gudun nauyi ba ne. Ki kira ƙanwarki, za ki buƙace ta. Idan ya matsa, ki sa babba ɗaya da yake jin kunyarsa a maganar.

Fayil ɗin kuwa, ki mayar masa yadda ya ba ki, da katin a ciki. Na wannan makon ya zauna ya buga da yatsunsa.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa.