Na Sunkuyar da Kai, Aka Ce Ni Ne

Daren Talata, watan Rajab, Birni.

Har yanzu gwiwoyina zogi suke yi. Yau a lekol, makarantarmu ta boko, malaminmu Bature da muke kira Mushe ya ce zai koya mana ilimin halin ɗan Adam, wai a ƙasarsu ana karanta zuciyar mutum a fuskarsa. Mai gaskiya yana kallonka cikin ido, maƙaryaci kuwa ƙasa yake duba. Sai ya ce bari ya gwada mu gani, zai gano wanda ya fasa masa kwalbar tawada jiya.

Ya jera mu. Da ya zo kaina na sunkuyar da kai, kamar yadda Baba ya hore ni. Tun da nake ban taɓa ɗaga ido na dubi babba ba. Habu ɗan tafinta kuwa, wanda a gabana ya ture kwalbar, ya ƙura masa ido ba kunya ya ce, "Ba ni ba ne, Mushe."

"Kun gani?" in ji Mushe, yana nuna ni. "Ilimi ba ya ƙarya."

Ya sa na durƙusa a kan tsakuwa har azahar, Habu yana yi mini gwalo ta taga. Na kasa gaya wa Inna dalilin ɗingishina.

Wallahi ban yafe ba. Gobe da sassafe zan cusa bulalar dokin Mushe cikin jakar Habu. In Mushe ya tambaya, zan dube shi tsakiyar ido, ko ƙiftawa ba zan yi ba, in ce Habu na gani da ita. Baba ya gafarce ni. Darasin Mushe ne, na kuwa haddace shi.